Sunan Kazar

Breda Mulkerrin ta taka burki da ƙarfi, doguwar motar ta yi ƙara ta tsaya, saura ƙiris ta hau kan tunkiyar farko. Tumakin sun fi ashirin, kowace da shuɗin fenti a gadon baya, sun baje a tsakiyar kwalta suna tuƙa kamar ubansu ne ya shimfiɗa hanyar. A bayanta ɗalibai suka ɗauki ihun murna, duk suka koma tagogin hagu da wayoyinsu.

"Ku zauna, 'ya'yana, kada ku kifar mana da mota," in ji ta a lasifika. "Tumaki ne. Akwai wasu dubu ɗari a gaba, kuma duk kamarsu ɗaya."

Suka yi dariya. Su talatin da biyu ne, daga wata jami'a ta Amurka, sun zo zangon karatu ɗaya a Galway, yau Asabar aka fito da su ganin karkara. Tun safe ta kai su bakin tafki, ta kai su gindin duwatsu, ta tsaya har sau uku saboda wani ya hango jaki. Yara ne masu kirki, ba ta da abin faɗa a kansu. Amma ba don su ta fito ba.

Farfesa Whitlock, wadda ta jagoranto su, tana kujerar gaba da takardar tsarin tafiya a cinyarta, tana duban agogo.

"Breda, za mu isa ƙarfe biyu kuwa? Mista Mulkerrin ba ya son a makara." Ta sake duban takardar. "Af, ashe ma sunanku ɗaya."

"A yankin nan, Farfesa, in kika jefa dutse sama, kan wani Mulkerrin zai faɗo."

Ta danna oda, tumakin suka miƙe da kasala suka bi gefen katangar duwatsu. Ta ja mota.

Wannan ba layinta ba ne. Shekara goma sha tara tana jigilar matafiya tsakanin Galway da filin jirgi, hanya miƙaƙƙiya wadda ba ta tuna wa mutum komai. A watan Fabrairu, mako uku bayan an binne mahaifiyarta, ta shiga ɗakin shayin direbobi ta ga wata takardar talla manne a bango. Hoton wani gida ne marar rufi a gefen tudu, teku a bayansa. An rubuta a ƙasa: Gidan Yunwa, 1847, ku zo ku ji labarinsa daga bakin Festy Mulkerrin. Shekarar babbar yunwar ƙasar ke nan, zamanin mulkin Turawan Ingila. Ta daɗe tsaye har shayinta ya huce. Tagar hagu ta fi ta dama ƙanƙanta, kuma ta san dalili, domin kakanta ne ya gina gidan a 1934, katako ya ƙare masa a tagar ƙarshe. A ƙarƙashin tagar nan ta yi barcin shekara goma sha ɗaya.

Festy yayan mahaifinta ne. Filin da sunansa yake a takarda, amma yana Ingila yana aikin gini, ƙaninsa ne ya noma wurin shekara ashirin. A 1981 mahaifin Breda ya fita duba komarsa a teku, kwale-kwalen ya dawo shi kaɗai. Ba a cika wata shida ba Festy ya dawo da mata da jariri, ya fitar da matar ƙaninsa da 'ya'yanta uku, ya cire kwanon rufin ya rufa wa shanunsa rumfa don kada su yi tunanin komawa. Uwar ta ƙare rayuwarta tana wanki a wani asibiti, ba ta sake furta sunansa ba. Duk lokacin da Breda ta tayar da maganar sai ta ce, "Ki bar shi da Allah." Breda ta bar shi shekara arba'in da uku. Yanzu uwar ta tafi, shi kuwa yana nan yana sa hula yana ɗaukar hoto da baƙi, sai ta ga jiran ya isa haka.

Ta roƙi Fachtna, direban layin, suka yi musayar aiki. Da ya tambaye ta dalili ta ce iskar teku take marmari. Abu ɗaya take so: ta ga idon Festy ya faɗa ƙasa a gaban mutane, kamar yadda na uwarta ya faɗa a gaban dukan ƙauye. Yadda za ta yi kuwa ba ta shirya ba. Rana dubu ta ɓarawo ce, ta san dai yau tata ce.

Hanyar ta ƙara tsukewa, ciyawa ta fito a tsakiyarta. Yayyafi ya ɗauke, rana ta bugi teku, ɗalibai suka yi tsit don kyan wurin. Breda ba ta kalla ba. Ta san kowane lanƙwasa, ƙafarta na taka burki kafin idonta ya gani. Inda saniyarsu take kiwo an zuba tsakuwa an mai da shi wurin ajiye motoci. Wani ƙaton mutum mai rigar ruwan ɗorawa yana nuna mata inda za ta tsaya, da kunnuwan gidansu manya a gefen kansa. Ultan ke nan, jaririn da aka zo da shi daga Ingila.

"Barka da hanya," ya ce da ta sauko. "Ina Fachtna?"

"Bayansa ke ciwo."

"Allah ya sawwaƙe. Akwai shayi a ciki in kina so, direbobi ba sa jiran labarin. Sun ji shi har sun haddace."

"Ni ban taɓa ji ba," in ji Breda.

Ta bi bayan ɗaliban suka haura tudun. Ta yi zaton gidan zai yi mata ƙanƙanta, kamar yadda ake faɗa, sai ta tarar da shi yadda ta bar shi, rufin kawai babu. Ganyen yaɗo ya lulluɓe bangon gabas. An kafa igiya a bakin ƙofa, an zuba tsakuwa a ƙasa, an rataye wata tsohuwar tukunyar ƙarfe a murhu, wadda ba tasu ba ce. Ta cusa hannaye a aljihu.

Festy yana tsaye gaban murhun, da falmaran da hular ulu da sanda. Shekararsa tamanin da huɗu, ya rankwafa, amma muryar tana nan, muryar da ke cika coci ba lasifika. Ya gaisa da Farfesa kamar 'yar uwa, ya tambayi yaran garuruwansu, ya ce wa wani dogo yana da kafaɗar mutanen yankin Kerry, kowa ya yi dariya. Idonsa ya bi ta kan Breda ya wuce. Wata mata ce kawai mai furfura da rigar kamfani.

Ya fara da dankali, yadda ya ruɓe a ƙasa cikin dare ɗaya. Ya nuna kunyoyin da ke gefen tudu ya ce hannun masu yunwa ne ya tona su. Breda ta tuna mahaifinta yana tona su da rediyo a rataye a jikin shinge yana jin wasan ƙwallo. Gaskiya ɗaya ce, tsohon ya iya magana. Ya san inda zai sassauta murya, ya san inda zai tsaya ya kalli teku.

"A gidan nan," ya ce, "wata mata ta zauna da 'ya'ya uku. Mijinta teku ta ci shi. Ba a cika wata shida ba sai ga wakilin Baturen Ingila mai filaye, da mutanensa da tsani. Ranar Talata ce, ana yayyafi kamar na ɗazu. Matar ta tsaya nan, daidai inda kike tsaye, 'yata, ta roƙe shi ya bar su su kai bazara. Ya ce mata doka doka ce."

Kunnuwan Breda suka ɗau zafi. Talata ce kuwa.

"Suka hau suka fara yaye rufin ciyawar tun yaran suna ciki. Maƙwabta suna tsaye bakin katanga, ba wanda ya ce uffan. Matar ta fito da abu ɗaya tak, keken kaɗa zarenta, ta rungume shi. Ƙaramin yaron yana riƙe da bakin zanenta. Babbar 'yar kuwa, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta koma ciki da gudu, aka yi zaton wani abin daraja za ta ɗauko. Sai ga ta da kaza a hammata. Kaza ɗaya, 'ya'yana. Ta bi bayan uwarta a hanyar can, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya."

Wata ɗaliba mai suna Marisol, wadda ta yini tana tambayar Breda sunayen furanni, ta fara share hawaye da hannun rigarta. Dogon yaron ya sunkuyar da kai.

Breda ta zo da shirin jin ƙarya. Ba ta zo da shirin jin gaskiya ba. Festy bai canja komai ba sai shekara, da kwanon rufi da ya mayar ciyawa, da keken ɗinki da ya mayar keken kaɗi, da fuskarsa da ya cire ya manna wa wakilin Bature. Ashe duk abin nan yana kallo. Ya ga keken, ya ga kazar, ya lura ba ta waiwayo ba, ya adana komai a ransa har ranar da zai yi masa amfani. Haushin da ta ji a lokacin ya fi wanda ta taho da shi, har bakinta ya yi ɗaci.

"Mu yi musu shiru na minti ɗaya," in ji Festy. Ya cire hula ya dafa ƙirji.

Aka yi tsit, ba a jin komai sai iska da kukan tunkiya daga nesa. Breda ta bari aka kai rabi.

"Baffa," ta ce, "mene ne sunan kazar?"

Kawuna suka juyo. Festy ya ɗaga ido ya yi murmushin mai gida.

"Wa ke magana? Af, direba ce. 'Yar nan, tarihi bai riƙe mana sunan kaza ba."

Wasu suka ɗan yi dariya, suna neman sauƙi.

"Philomena," in ji Breda. "Ja ce. Ƙafarta ɗaya ta taɓa karyewa ta warke a karkace. A benen gwamnati da aka ba mu a Galway ba a yarda da kaji ba, kwana uku uwata ta yanka ta. Kowa ya ci, ban da ni."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, bai tafi ba, bai kuma ƙaru ba. Farfesa Whitlock ta ce, "Breda?" a hankali. Breda ta ɗaga igiyar ta shiga.

"Ba a tsallake igiya," in ji Festy.

"A gidan ubana?"

Ta nufi bangon gabas, ta kama ganyen yaɗon da hannu biyu ta fizga. Ya yi gardama, ta sake fizga, ya ɓalle da ƙura da 'yan duwatsu. Can sama, a jikin wani ƙarfe mai tsatsa, farin tangaran ɗin da ake ɗaura wayar lantarki yana nan, da guntun waya a jikinsa.

"Ku ɗauki wannan, 'ya'yana," ta ce. "Masu yunwar 1847 ne, amma da lantarkinsu. A kusurwar can talabijin yake." Ta share tsakuwa da takalminta, siminti ya fito, da ɗan guntun ledar ƙasa mai zanen ruwan ɗorawa manne a gefe. "Uwata ta zaɓi ledar nan, ta yi wata biyu tana fasawa kafin ta saya. Marisol, zo nan. Karanta min abin da ke jikin ƙofar nan."

Yarinyar ta matso tana ɗari-ɗari, ta durƙusa. An yi zane-zane da ƙusa a jikin shafen siminti, layi bisa layi.

"B. M. U," ta karanta. "Sai 1979. Sai 1980."

"Breda, Mairtin, Una. Duk Kirsimeti babanmu yakan gwada tsawonmu. Akwai 1981?"

"Babu."

"Babu." Ta juya ta fuskanci tsohon. "Ka faɗa musu wane ne wakilin Bature, Baffa. Ka faɗa musu wa ya riƙe tsani."

Sai a lokacin ya kalle ta sosai. Ta ga sanda ya gane ta, leɓensa na ƙasa ya saki. Amma Festy ba mutumin da ke faɗuwa da bugu ɗaya ba ne. Ya mai da hularsa, ya buga sanda a ƙasa.

"Breda ce. To, sannu da zuwa. Kin girma, kin yi bakin uwarki." Ya juya ga ɗaliban yana girgiza kai. "Rigimar gida ce, 'ya'yana, ko'ina akwai ta. Filin nan nawa ne, da sunana yake a takarda, ku je ku tambaya."

"Ban ce ba naka ba ne."

"Ni ma ina da mata da ɗa! A titi zan kwantar da su? Ubanki aro aka ba shi, aro kuwa yana da ranar maidawa. Ita kuma baƙuwa ce, 'yar yankin Mayo, tana da danginta."

"Mil talatin ne daga nan zuwa garinsu. Shekara goma sha huɗu tana yi wa uwarka wanka tana ba ta abinci a baki, kana Ingila kana turo katin Kirsimeti. Lokacin ba baƙuwa ba ce."

"Yesu, Maryamu da Yusufu, a gaban baƙi za ki yi min haka?"

"A gaban wa ka yi mata nata?"

Ba wanda ya motsa. Wayoyi huɗu ko biyar suna sama, ba tumaki suke ɗauka ba. Ultan ya hauro tudun ya tsaya bakin ƙofa, hannunsa riƙe da butar shayi, ya manta da ita.

"Ba fili na zo nema ba," in ji Breda. Muryarta ta sauka, ta ji ta daidaita. "Sau nawa ka ba da labarin nan? Sau ɗari biyar? Dubu? Ka tuna Talata, ka tuna yayyafi, ka tuna kaza. Kullum sai ka ce wata mata. Tana da suna. Mun binne ta a watan Janairu, ba ka zo ba. Faɗi sunanta, yaran nan su ji."

Festy ya kalli Farfesa, ita kuwa takalminta take kallo. Ya kalli ɗansa. Ultan bai kawo masa agaji ba.

"Baba," ya ce, "gaskiya ne?"

"Kai jariri ne lokacin, me ka sani?"

"Shi ya sa nake tambaya."

Tsohon ya buɗe baki, muryar nan mai cika coci ba ta fito ba. Ya lalubi dutsen da ke gefen murhu ya zauna a kai, sandar ta zame ta faɗi, ba wanda ya ɗauko masa.

"Faɗi," in ji Breda.

"Attracta." Da ƙyar aka ji.

"Na baya ba su ji ba."

"Attracta," ya ce, idonsa a kan guntun ledar.

Ta jira tausayi ya zo, don ta san ya kamata ya zo. Bai zo ba. Daɗi ta ji, tsantsar daɗi, kamar an sauke mata buhun da ta manta tana ɗauke da shi. Ta kakkaɓe ƙurar hannunta a wandonta, ta ɗaga igiya ta fita, ɗaliban suka buɗa mata hanya.

"Minti goma, 'ya'yana," ta ce. "Mai son banɗaki yana bayan rumfar shanu. Ku ɗaga kai ku kalli rufinta in kun je, shi ma na tarihi ne."

Tana zaune a matakalar mota tana neman numfashinta Ultan ya zo. Ya ajiye butar a kan tsakuwa, ya tsaya yana murza kunnensa.

"Ban sani ba," ya ce. "Na rantse da Allah. Na san gidan bai kai shekarun da yake faɗa ba, wannan kowa ya sani. Amma ce min aka yi ku kuka tashi da kanku."

"Yanzu ka sani."

"Allah ya jiƙan mahaifiyarki." Ya kalli tudun. "Akwai abin da ya kamata ki ji, Breda, kuma kada ki ɗauka barazana ce. Shekara uku ke nan ina son in rushe gidan nan. Shi kaɗai ne wuri mai lebur a duk filin nan, ina buƙatar rumfar tumaki, duk hunturu ina asarar 'yan raguna saboda sanyi. Baƙin nan kaɗai suka hana ni. Matar can, Farfesa, ita ta fara kawo ɗalibai, sauran makarantun bayanta suke bi. In ta cire mu daga tsarin tafiyarta, kafin wata ya ƙare duk za su cire. Ni kuma ba zan riƙe bango huɗu don ado ba, ina da yara. Katafila za ta shigo."

Breda ta ɗago kai.

"To ka bar shi tsaye ka faɗi gaskiyar. Ga labari nan, ka ga har kuka suka yi."

"Haba, Breda. Wa zai zauna a mota awa biyu don ya ga gidan da ɗan'uwa ya kori ɗan'uwa a 1981? Irin wannan kowane ƙauye akwai guda uku. Yunwa suke zuwa gani, da Bature." Ya sassauta murya. "Ki ce mata kin ƙara gishiri. Ki ce bangon tsoho ne, ku daga baya kuka gyara kuka zauna. Za ta yarda, so take ta yarda. Ni kuma na yi miki alkawari ba zai sake ambaton kaza ba. Yaran da suka ɗauka a waya, gobe sun manta. Gidan ya tsaya, kina iya zuwa duk ranar da kika so, ni zan buɗe miki ƙofa."

Ya ɗauki butarsa ya tafi. Bai yi kama da mugu ba, abin da ya fi ɓata mata rai ke nan.

Ta kalli gidan daga inda take zaune. Ta taho ne ta rushe Festy, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa shi ke riƙe da bangon ba. Zanen ƙusar nan shi ne kaɗai rubutun hannun mahaifinta da ya rage a duniya, ko kabari ba shi da shi. Ƙaninta Mairtin yana Boston, kullum cewa yake wata rana zai kawo 'ya'yansa ya nuna musu. Ta ji tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba sanda take fuskantar tsohon.

Ɗalibai suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, suna shiga mota shiru, wasu suna taɓa kafaɗarta. Farfesa Whitlock ce ta ƙarshe. Fuskarta ta yi ja, takardar tana hannunta, da biro.

"Shekara tara ina kawo ɗalibai nan," ta ce. "Na sa wurin nan a darasina, Breda. Ɗansa ya ce min wai bangon asalinsa tsoho ne, wai abin yana da fuska biyu. Ina son in ji daga bakinki. In akwai ko ɗan abin da zan riƙe, zan riƙe. In babu, ba zan sake kawo kowa ba, kuma zan gaya wa sauran."

Ultan yana can bakin shinge, ya juya baya kamar ba ya ji. Kalma uku za ta faɗa gidan ya kai wasu shekaru ashirin. Kuma kowace Asabar Festy zai gyara hularsa ya tsaya gaban murhun uwarta, ya sami wani sabon labarin, baƙi su dafa ƙirji su gode masa.

"Kakana ya gina shi a 1934," in ji Breda. "Kafin nan ba komai a wurin sai duwatsu da tumaki. Babu abin da za ki riƙe, Farfesa."

Farfesa ta gyaɗa kai. Ta jingina takardar a jikin mota ta ja layi a kan sunan wurin, ta sake ja. Breda ta ji ƙarar biron har cikin haƙoranta. Kafaɗun Ultan suka sauka, ya nufi gida bai waiwayo ba.

Ta hau ta zauna, ta sa makulli, amma ba ta murɗa ba. Mutum talatin da uku suna jiranta. Ta zare makullin ta miƙe.

"Marisol, zo ki taimake ni."

Suka haura tudun su biyu. Festy yana nan inda suka bar shi a kan dutsen, hannayensa a tsakanin gwiwoyi, sandar tana ƙasa. Bai ɗago ba da suka zo. Breda ta kwance igiyar ta jefar gefe, ta miƙa wa yarinyar wayarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa wurin da zanen yake. Ba su taɓa mallakar kyamara ba sanda suke gidan nan.

"Ja baya," ta ce. "Ki tabbata duka bangon ya fito, har bututun hayaƙi."

Marisol ta ja baya, ta sake ja, ta duba wayar, sai ta yi jim.

"Tsohon yana fitowa a bayanki," ta ce da raɗa. "In na ɗan matsa hagu zai fita."

Breda ta gyara wuyan rigarta, ta miƙe tsaye sosai.

"Kada ki matsa," ta ce. "Bar shi a ciki. Haka nake son in riƙa ganinsa."